Shekarar da Na So Yi wa Gida Kabad

Ku 'ya'yana kun ɗauki wata magana kun riƙe, har ranar sunan ɗan Abba na ji wata jikata tana maimaita ta, wai Mama ce ta kori Ya Fanna daga gida saboda kabad. Na san da wasa kuke faɗa, amma wasan da aka daɗe ana yi yakan rikiɗe ya zama tarihi, ni kuwa ba na so in kwanta dama a bar ni da wannan. A lokacin duk ba kwa gida, kowa yana inda aiki ko aure ya kai shi, labarin a waya kuka riƙa tsintarsa gutsure-gutsure. To ga shi nan cikakke.

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa ce. Tun da muka tare a gidanmu na Mairi ban taɓa tura ƙofa ta buɗe har ƙarshe ba, kullum akwai abin da ya tokare ta ta baya. Tukwanen biki a ƙarƙashin gado, bargunan sanyi a buhuna, kwanukan aurena a kwali kan kwali. Ga kuma tarkacen babanku, Malam Modu, Allah ya ƙara masa lafiya: rediyoyin da suka daina magana, fankokin da suka daina juyi, da kayan gyaran wata Vespa da ya sayar tun Zara tana goye. Ina aiki ban cika damuwa ba, da safe in fita, da yamma in dawo a gajiye. Da na zauna a gida sai kayan suka zauna a kaina. Abin da ya ƙure ni shi ne wata Asabar da za mu ɗaurin aure, na yi ta neman lafayata mai ruwan zuma har aka gaji da jirana a ƙofar gida. Da na same ta, a cikin wata jaka take tare da bandar kifin da aka kawo mana tsaraba aka manta. Duk humrar da na zuba mata ba ta yi komai ba. A wurin bikin matan da ke kusa da ni suka riƙa matsawa a hankali, suna yi mini murmushi.

A ranar na yanke shawara. Kuɗin sallamata na aiki ba zan sayi gwal ba, ba zan sayi fili ba, gida zan yi wa kabad tun daga kicin har ɗakin baya, kowane abu ya san mazauninsa. Na faɗa wa babanku da yamma yana shan shayi.

"Duk yadda kika ga ya dace, Yagana," ya ce. "Gidanki ne."

Ku riƙe wannan maganar tasa, don ban sake jin irinta ba sai da aikin ya ƙare.

Na aika aka kira mini Bitrus, kafinta ɗan kudancin jiha mai shago a Hausari, wanda ya daɗe yana gyara mana bencina a makaranta. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya. Ya zo a keke da tef ɗinsa na awo, muka zaga gidan ɗaki-ɗaki. Ni kuwa alli bai bar hannuna ba tukuna, sai na riƙa zana komai a jikin bango: nan kabad ɗin kwanuka, nan kantar hatsi, nan sif na kayan sawa har sama, nan durowar magunguna inda hannun yaro ba zai kai ba. Bitrus ya ce a ɗaga komai daga ƙasa saboda gara da danshin damina, na ce na yarda. Da ni da shi kaɗai ne, da kafin azumi an gama.

Amma gida ba na mutum ɗaya ba ne. Ke Zara kika fara, kina aiko mini da hotunan kicin ɗin mutanen Abuja, fari tas kamar asibiti, kina cewa Mama irin wannan ake yayi. Na ce miki a kicin ɗin da ake suya da manja, ana hura gawayi in gas ya ƙare, fari na kwana nawa ne? Kika yi fushi. Kai Abba ka bugo ka ce kada a sa ƙofa mai buɗewa, a sa mai zamewa gefe. Babanku kuma ya kawo wani abokinsa na majalisa wanda bai taɓa riƙe guduma ba, ya zaga mini gida da takalmi yana cewa katako ya tsufa, alminiyam ake yi yanzu. Duk wanda ya yi magana sai babanku ya ce ai da gaskiyarsa, sai a sake kiran Bitrus ya sake awo. Bangon falo ya sha alli da gogewa har fentin ya kwaile.

Sai muka zo kan tarkace. Na ce wa babanku ba zan yi wa matacciyar fanka ɗaki ba, ya zaɓi abin da zai amfane shi, sauran a kira 'yan gwangwan. Ya ɗauki kujera ya zauna a tsakiyar kayan kamar mai zaman makoki. Duk abin da na ɗaga sai ya miƙo hannu.

"Wannan ai waya ɗaya ce ta tsinke a ciki."

"Malam, tun yaushe ta tsinke?"

"To ai ba ta ƙara tsinkewa ba."

Da la'asar abin da ya yarda a fitar bai wuce murfin wata tukunya da kwalbar man gashi ba, murfin ma da safe na gan shi ya dawo. Ƙarshe dai na haƙura, na ce wa Bitrus ya yi masa kabad bango guda a ɗakinsa, ya zuba abinsa ya rufe, idona ya huta.

Duk wannan somin taɓi ne. Babban aikin yana ɗakin baya.

'Ya'yanku ba su san Ya Fanna sosai ba, sai a matsayin tsohuwar da ke ba su alewa tana yi musu faɗa da Kanuri. Yayar babanku ce, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka a gabanta shi yaro ne ko da furfurarsa. Lokacin da tashin hankali ya kai ƙauyensu ta iso mana a bayan wata motar itace, ƙafafunta a kumbure, da ƙunshi a ka da wani a hannu. Mijinta ya riga ya rasu, ɗanta guda yana can wata ƙasa yana neman abinci. Daga baya duk wanda ya samu ya leƙa ƙauyen sai ya tsinto mata wani abu nata ya kawo, har ƙunshin ya taru ya cika bango guda. Shekaru suka yi ta wucewa ba ta taɓa kwance su ta jera ba. In tana son zani sai ta kwance ƙulli, ta zaro, ta mayar ta ɗaure tam, kamar mai jiran mota. Ɓeraye suka mayar da bayan kayan unguwarsu, daga nan suke fitowa su yi mini ɓarna a kicin. Kunama ma an taɓa kashewa a wurin. Ban taɓa ƙyashin zamanta ba, Allah shi ne shaida. Ita ta koya mini haɗa turaren wuta na gaske, ita ta yi jinyata lokacin da aka yi mini aiki. Ƙunshin nan ne dai ba na ƙaunar gani.

Ranar da na kai Bitrus ƙofar ɗakinta tana zaune a kan tabarma tana gyaran kuka. Ta amsa gaisuwarsa da fara'a, har ta tambayi iyalinsa. Da ta ga ya zaro tef sai ta miƙe ƙafa ta tare ƙofa.

"Me zai auna?"

"Bango, Ya. Kabad za a yi miki ki zuba kayanki, ki huta da ɗaurewa da kwancewa."

"Baƙo ba ya kafa ƙusa a bangon mutane."

"Haba Ya, wane irin baƙo? Shekara nawa kina gidan nan?"

"Ko nawa ne. Ki yi wa ɗakunanki, Yagana, ki bar mini nawa yadda yake."

Na bi ta da lalama, na bi ta da wasa, na kawo mata zancen ɓera da kunama. Ta ce ɓera bai taɓa cin mutum ba. Na kai ƙara wurin babanku, na ce ya yi wa yayarsa magana. Ya ce to, bari ya dawo daga masallaci. Mutumin nan a wannan makon ya zama mai yawan ibada, ko kiran salla ba a yi ba ya fice. Bitrus kuma ya ce gara ya san awon gidan duka kafin ya sayo katako, don itacen ya zo iri ɗaya. Muka tsaya cak saboda bango guda. Da na ga damina tana matsowa sai na ce ya sayo kawai, a bar ɗakin baya. Ya samo katako mai kyau, busasshe, mai nauyi, irin wanda gara ba ta so, aka jera shi a baranda aka rufe da leda. Mafi kyawunsa na sa aka ware gefe, na ce wannan na kicin ne, kada kowa ya taɓa. Kullum da safe sai na ɗaga ledar na shaƙi ƙamshinsa.

Ana wata ga wata. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, iska ta ɗaga kwano ɗaya a saman ɗakin baya, ruwa ya bi bango ya sauka a bayan kayan. Da gari ya waye ba sai an roƙe ta ba, ita da kanta ta kira ni. Muka riƙa fito da ƙunshin tsakar gida muna kwancewa a rana. Na sama lafiya lau, jiƙewa kawai suka yi. Da muka kai na ƙasa, ina ɗaga ɗaya sai gindinsa ya zube. Gara ta daɗe a ciki tana aikinta, ba ruwan jiya ba ne. Zanen saƙi na mahaifiyarsu, wanda take ce mini da shi za a rufe makararta, ya zama kamar rariya. Babbar rigar mijinta kuwa wuyan ne kawai ya rage, da aikin zaren a jiki.

Maganar "ai na faɗa miki" ta zo mini har bakin harshe, na haɗiye ta, kuma har yau ina gode wa Allah da na haɗiye. Ya Fanna ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan turmi da wuyan rigar a cinyarta, tana shafa zaren da yatsa, har rana ta take tsaka. Babanku ya zo ya tsuguna a gefenta, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa da Kanuri, ban matsa na ji ba. Can ta ɗago ta dube ni.

"Kira mini kafintanki."

Kada ku so ku ga daɗin da na ji. Na ce a raina, asara ta yi, amma ta kawo hankali. Washegari Bitrus ya zo, ya shiga ɗakin ya ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya Fanna ta ce ya ajiye wannan. Ta tashi ta tsaya a tsakar ɗaki, ta auna masa faɗi da damtsenta, ta nuna masa tsayi daidai goshinta. Bitrus ya dube ni, ya dubi bango.

"Mama, ai bangon ya fi haka sosai. Za a bar wuri a banza."

"Ba wannan bangon ba," ta ce. "Na ɗakina. Kuma ka yi shi yadda za a kwance a ɗora a mota, a je can a haɗa."

Ashe tun kafin ruwan take jin labari a wurin masu zuwa gaishe ta, cewa mutanen ƙauyensu sun fara komawa, an rufa wasu ɗakuna, an share rijiya. Ta yi shiru da bakinta tana juya abin. Garar nan ce ta yanke mata hukunci. Ta ce tana nan zaune tana jira, jiran yana cin ta ta ƙasa ba ta sani ba.

A nan ne aka yi faɗan da kuka ji labarinsa, kuma ku lura da wanda ke cewa a tafi da wanda ke cewa a zauna. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce Ya, da hawan jininki? Wa zai auna ki? In ciwo ya tashi wace mota za ta kawo ki, a hanyar da ake rufewa tun kafin magariba? Na ce in kabad ne ba kya so, na fasa, wallahi na fasa, ki zauna da ƙunshinki da ɓerayenki, ni zan riƙa ba su abinci. Ta bar ni na gama, sannan ta ce,

"Kin riƙe ni da kyau, Yagana, ba wanda zai ce ba ki riƙe ni ba. Amma ina so in mutu a inda in na ce a rufe ƙofa, ƙofata ce."

Na juya wurin babanku, ina jiran ya buɗe baki sau ɗaya a rayuwarsa ya ce wa yayarsa a'a. Sai ya ce ba zai iya hana ta ba. Ban gama haɗiye wannan ba ya ƙara da cewa, tunda can gara ta fi yawa, ai sai a yi mata da wancan katakon da aka ware.

Katakon kicin ɗina. Mutumin da ya kasa rabuwa da murfin tukunya, shi ne ya yi kyauta da katakona a tsaye, ko ƙifta ido bai yi ba.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, iyakar inda take rufuwa. Kuɗina ne, ina da ikon in ce a'a, kuma babu mai zargina. Na kuma san in na hana katakon ba zai hana ta tafiya ba, sai dai ta tafi da ƙunshi ta ajiye a ƙasa, gara ta ƙarasa abin da ta fara. Da la'asar na fito na ce wa Bitrus ya ajiye duk sauran aiki ya fara da nata, ya sa mata makulli mai kyau, ya ɗaga ƙafafun sosai. Ban faɗa da fara'a ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Har aka gama aikin ba na yi wa babanku magana sai ta kama.

Wannan kabad shi ne abu mafi kyau da Bitrus ya yi a gidanmu, kuma bai kwana a gidan a haɗe ba. Bayan ruwa ya ɗauke aka ɗora shi a bayan a-kori-kura, ita tana gaba kusa da direba, ta sha lafaya kamar mai zuwa biki. Kicin ɗina sai da ya ƙara damina biyu da zanen alli a bango. Da aka tashi yi, irin wancan katakon ya yi wuyar samu, aka yi mini da falankin da yake kumbura da ya ji danshi. Shi ne wannan da kuke ja yana ƙara kuna dariya. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da na ji tsoro shi ya faru bayan 'yan shekaru: ciwon ya tashi mata da yamma, hanya a rufe, kafin safiya rai ya yi halinsa. Aka binne ta kusa da mijinta, mu sai addu'a muka tarar. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, ban san da wa nake fushin ba.

Amma na je na gan ta a can tana da rai, bayan girbin shekarar da ta koma. Muka yi sammako ni da babanku, muka wuce shingayen bincike har na gaji da sauka da hawa. Ƙauyen rabi sabon kwano, rabi bango baƙi babu rufi. Tana jin mota ta fito tana yi mana sannu da Kanuri, "wushe, wushe", ta rame amma muryarta ta ƙara ƙarfi. Na shiga ɗakinta, ga kabad ya zauna daidai bango kamar a nan aka haife shi. Na ce ta buɗe in ga yadda ta jera. Ta ciro makulli daga zaren wuyanta ta buɗe.

Ko zaninta ɗaya babu a ciki. Kantar sama irin gero da wake ne na wata maƙwabciya. Ta tsakiya atamfofin auren 'yar wata ce. Ga garin wata, ga maganin wata, ga sabulun da wata take sayarwa. Duk ƙauyen ba wani abu mai makulli da ɓera ba ya shiga sai shi, don haka matan da suka dawo kowa ta kawo abin da take tsoron rasawa. Muna zaune mata suna ta sallama, tana buɗewa tana rufewa, tana yi musu faɗa kamar mai unguwa. Nata kayan kuwa ta rataye su da igiya a jikin azara.

"Ya," na ce, "katakon kicin ɗina na ba ki don ki yi wa gari sito?"

"Ai ya yi kaɗan," ta ce. "Mata biyu suna jiran wuri. Ki ce wa yaron nan Bitrus ya yi wani, ya fi wannan faɗi."

Muka ci burabiskon da ta sa aka yi mana, muka yi azahar, muka kamo hanya da wuri. Sai da muka kusa gari waya ta samu, na kira Bitrus a gaban babanku na faɗa masa saƙon. Ya ce,

"To Malama, da wane katakon? Saura na kabad ɗin tarkacen Baba kawai."

"Shi nake nufi," na ce. "Gobe ka zo ka kwashe."

Babanku ya dube ni, ya kau da kai. Har muka iso Mairi yana kallon gonaki ta taga.